Yaron da Ya Ce Babu Sauƙi

Daminar bana na je ƙauyenmu, can bayan Katagum, don in ga abin da ya rage na gonar gidanmu. Na zauna a gindin tsamiyar da ke bakin gona, na jingine sandata, na kasa kunne. Ban ji komai ba sai tsiyayar famfon feshi. Wani magidanci ne shi kaɗai, da tulun roba goye a bayansa, yana tafe yana fesa wa ciyawa magani. Aikin da a da sai an tara samarin ƙauyuka da makaɗa, shi ne mutum ɗaya yake gamawa kafin rana ta take. Ba kiɗa, ba guɗa, ba ƙarar fartanya tana cin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya kamata a ce na fi kowa murna da mutuwar gayya, domin a wurin gayya na bar ƙuguna. Amma sai na tarar da kaina ina kewar gangar nan. Da na komo Azare na kasa sukuni, shi ya sa na ɗauki alƙalamin da ban daɗe da iya riƙewa ba.

Mun tashi a lokacin da damina ita ce komai. Idan hadari ya haɗo daga gabas, gari duka sai ya ɗauki motsi: mata na kwashe shanya, yara na kora awaki, tsofaffi na ɗaga kai sama suna murmushi. Ruwan farko yana da wani ƙamshi da har yau ban sami abin da zan kwatanta shi da shi ba. Ina tuna sautin ruwa a kan ɗakin bunu, ba irin kwaramniyar da yake yi a kan kwano ba, wani sauti ne mai taushi kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ina tuna kukan kwaɗi a fadama, da luguden taɓare da safe, da muryar mata masu tallar nono da ke fitowa daga rugage. Aikin yara shi ne kai fura gona, yankan ciyawa, da korar tsuntsaye idan gero ya fara ido. Duk na yi waɗannan, kuma na so su. Ina faɗin haka ne domin daga baya an ce tun haihuwa ba na son aiki.

Sai dai ni hadarina a cikin ƙashi yake haɗuwa. Kafin kowa ya ga gajimare, gwiwoyina da bayana sun riga sun gani. Ciwon yakan fara a hankali, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa, daga nan sai ya shigo da taɓaryarsa ya shiga dakan ƙashin daga ciki. Babu ƙurji, babu jini, babu karaya. Idan ka duba ƙafar, ƙafa ce kamar ta kowa. Da a ce ciwon yana fitar da mugunya, da na gode Allah, domin da na sami abin nunawa. Inna ce kaɗai ba ta taɓa neman shaida ba. Yara biyu ta binne kafin ni, dukansu da irin wannan kukan suka tafi. Takan ɗumama ruwa ta gasa mini gaɓoɓi da tsumma, ta shafa man shanu, ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana matsawa har hannunta ya gaji. 'Yar wajen Jama'are ce, idan tausayi ya kama ta sai harshenta ya koma Fulatanci, tana magana ƙasa-ƙasa. An kai ni wurin wanzami ya yi mini ƙaho, an sha da ni rubutu da saiwoyi. Wasu suka ce amosani ne, wasu suka ce ai amosani ciwon tsofaffi ne, me yaro zai yi da shi.

A garinmu, kamar ko'ina, idan aka tambayi majinyaci ya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko yana kan gargara haka zai ce, idan bakinsa ya mutu na kusa da shi su ce a madadinsa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan, domin ba abin koyarwa ba ne, ana shaƙarsa ne kamar iska. Ni kuma ban shaƙa da wuri ba.

Ban kai fara azumi ba lokacin da abin ya faru. Ciwon ya kwantar da ni kwanaki, sai Liman ya zo dubiya bayan la'asar tare da wasu dattijai biyu. Baba ya ɗauko ni da kansa ya shimfiɗe ni a kan tabarma a zaure. Har yau ina jin hannunsa a ƙarƙashin wuyana, yana cewa, "Sannu, sannu, mun kusa." Liman ya durƙusa ya dafa goshina ya ce, "Ɗan Malam, ya jikin?"

Na ce, "Babu sauƙi."

Dattijan suka dubi juna. Can sai ɗaya daga cikin dattijan ya tuntsire da dariya har goron bakinsa ya fesa a kan rigarsa. Liman mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce, "A'a, yaro, ba a faɗin haka. Cewa ake da sauƙi, sai Allah ya kawo sauƙin."

Na ce, "To ai Baba ya ce ƙarya haramun ce."

Wannan karon har Liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Dattijon nan yana share hawaye yana cewa, "Malam, ka haifi alƙali! Ba-Sauƙi ke nan, Ba-Sauƙi ɗan Malam!" Na dubi fuskar Baba na ga abin da ban taɓa gani ba. Shi mutum ne da ya gina sunansa a kan juriya. Ana ba da labarin ranar da fartanya ta sare masa yatsan ƙafa, ya toshe da ƙasa ya kai kunyarsa ƙarshe. Yau ga ɗansa ya yi raki a gaban Liman, ya kuma jingina rakin da sunansa. Da baƙin suka tafi Baba bai doke ni ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ka tsinka ni a gaban mutane. Tunda bakinka ya iya faɗa wa duniya, ba ka buƙatar sannuna." Ya fita ya bar wa Inna ɗaukata. Na zaci fushin yini ɗaya ne. Daga ranar nan Baba bai sake ce mini sannu ba, ni kuwa ban daina jira ba.

Kafin magariba sunan ya zagaye gari. Mata a bakin rijiya suna tambayar Inna, "Ina Ba-Sauƙi, an samu ko har yanzu babu?" Yara suka sa shi a waƙar wasa. Sunana na yanka ya ɓace, sai a bakin Inna. Da na ƙara girma na gane cewa sannu yana da wa'adi. Wanda zazzaɓi ya kama, ana yi masa sannu har ya tashi. Wanda ajali ya kama, ana yi masa har a kai shi. Amma wanda ba ya warkewa kuma ba ya mutuwa, ya saɓa wa tsarin mutane, sai su gaji da shi, kuma idan mutum ya gaji da tausayi, dariya yake komawa. Suka lura ciwona ya fi tashi da damina, sai suka ce ai ciwo ne mai wayo, ya san lokacin noma. Wata gwaggona takan ce, "Wane irin ciwo ne ba ya hana cin tuwo? Ku bari kaka ta yi, za ku gan shi a bakin akushi." Wani ya ce Inna ce ta sangarta ni. Wani ya ce rashin godiyar Allah ne, tunda na ce babu sauƙi da bakina, ai kuwa ba zan gan shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranakun lafiya. Domin akwai su, kuma da yawa. Nakan tashi garau, jikina kamar na kowa, ina son in yi gudu in yi kokawa in faɗa kogi. Amma duk wanda ya gan ni ina dariya sai ya ajiye wannan dariyar, ya fito da ita ranar da na kwanta: "Ba shi ne jiya yake tsalle a dandali ba?" Sai na koyi rage murya idan abin dariya ya zo. Na koyi tafiya a hankali ko da ƙafata lafiya lau, don kada lafiyar yau ta zama shaida a kaina gobe. Ciwon ya ci nasa kwanakin, bakin mutane ya cinye sauran.

Haka na kai shekarun da sa'o'ina suka fara zuwa zance. A shekarar nan ciyawa ta fi ƙarfin gandunmu, marka ta ƙi ɗaukewa, Baba ya kira gayya. Wanda bai ga gayya ba, ba zai san abin da ake nufi ba. Tun jajibiri gida ke cika da mata, ana daka, ana dama fura a manyan ƙore, an yanka akuya. Da safe samari su zo daga ƙauyuka, kowa da fartanyarsa a kafaɗa ya wasa ta tana ƙyalli. A jera a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi ya saki ganga, 'yan mata su tsaya a ƙarshen gona suna jiran wanda zai fara isowa. Ranar ce ake sanin wane ne namiji a cikin samari.

Ni kuwa tun asuba ƙofar nan ta fara ƙwanƙwasuwa a ƙuguna na hagu. Ina kwance ina jin hayaniyar tsakar gida sai inuwar Baba ta rufe bakin ɗaki. Ya ce, "Yau gayyar gidan nan ce. 'Ya'yan wasu sun taso tun daga nesa." Sa'an nan ya ce, "Ya jikin?"

Shekara da shekaru bai yi mini wannan tambayar ba. Na san amsar da ta raba mu, na kuma san wadda yake jira. Na ce, "Da sauƙi, Baba."

"To ɗauki fartanya."

Inna ta taso daga bakin murhu da muciya a hannu. Ta ce, "Malam, dubi idonsa fa, ya yi rawaya. Ga kuma hadari."

Baba ya ce, "Ni na ce da sauƙi? Shi ya faɗa da bakinsa."

Da na iso gona da fartanya, samari suka fara zunguran juna. Makaɗin garinmu wani gajeren mutum ne mai baƙin baki, wanda kowa ke tsoron harshensa. Yana hango ni ya karkato da ganga, ya biyo bayana yana kiɗa yana faɗi: "Ba-Sauƙi ɗan gidan gayya, yau da sauƙi ko babu?" 'Yan mata suka amsa da murya ɗaya, "Babu!" Ya sake, suka sake, gona ta ɗauki dariya. Na sunkuyar da kai na kafa fartanya. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na dai san na daina jin ƙuguna, na daina jin komai sai gangar nan tana bugawa a cikin ƙirjina, ƙasa tana juyawa a gabana baƙa wuluk. Na wuce na damana, na wuce na haguna. Sai na ji kiɗan ya canja. Makaɗin ya matso har ina jin numfashinsa, yana cewa, "Ashe da sauƙi! Ɗan Malam, ashe ɓoye mana aka yi! Tafi da ita, jikan masu gari!" Wata yarinya ta rangaɗa guɗa. Da na kai ƙarshen kunya na ɗaga kai, na hango Baba a gindin tsamiya yana miƙa wa makaɗin goro, yana murmushi, idonsa a kaina.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi a duniya kamar na wannan lokacin ba. Ko ranar aurena, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari. Shi ya sa har yau nake kewar gangar.

Sai ruwa ya sauko. A gayya ba a tsayawa don ruwa, ƙara wuta ake yi. Na kama kunya ta gaba, da ta gaba da ita, rigata ta manne a jikina, sanyi yana shiga ta ko'ina. Daga nan abin ya dawo gaba ɗaya, ba da ƙwanƙwasa ba, da ɓalle ƙofa. Na ji kamar an sa gatari an raba ƙuguna biyu. Na faɗi a cikin kwarin kunya, bakina cike da taɓo. Ina jin muryoyi a sama. Wani ya ce, "To, an fara." Wani ya ce, "Ya ga an zo kan dogayen kunyoyi ne." Makaɗin bai tsaya ba, sai ma ya mayar da waƙarsa ta farko, 'yan mata suka mayar da amsarsu. A kan jaki aka kai ni gida.

Ban sake taka ƙasa ba sai da aka yanke gero. Da na tashi, ƙafar hagu ta gajarce, ƙugun ya daskare, ba na tafiya sai da sanda. A cikin baƙin cikina akwai wani ɗan farin ciki da nake ɓoyewa: yanzu dai ga abin nunawa, yanzu kowa zai gani da idonsa. Ranar da na fara fitowa zaure ina ɗingishi, Baba yana zaune yana tufkar igiya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe yana kallon ƙafar. Na ce a raina yau zai ce mini sannu. Sai ya ce, "Ka ga abin da rashin sabo da aiki yake jawowa." Ya ci gaba da tufkarsa.

Bayan rasuwar Inna ban ga abin zama a garin ba. Na taho Azare da sandata da sana'ar da na koya a kwance, wato ɗinkin hula. A nan na sami inuwa a bakin kasuwa, na yi aure, Allah ya ba ni mace mai haƙuri da 'ya'ya. Sunan bai biyo ni ba sai ranar kasuwa, idan mutanen garinmu suka shigo, ka ji an ƙwala daga nesa, "Ba-Sauƙi! Ana nan ana aikin zaune?" Na riga na yi furfura a gemu kafin wani tashin ciwo ya kai ni babban asibiti. Aka ɗebi jinina. Wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Bauchi, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, kana nufin duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gwada jininka? Sikila ce da kai. Da ita aka haife ka. Sanyi da ruwa da aikin ƙarfi su ne suke tayar da ita, ita ce kuma ta kashe maka ƙashin ƙugu." Ta girgiza kai ta ce, "Kai, sannu. Ka sha wuya." Na juya fuskata ga bango, ƙaton mutum da ni, na yi kuka kamar ranar da aka binne Inna. Ashe ciwon ya san damina da gaske. Gaskiya suka faɗa, ba su dai san gaskiya suke faɗa ba.

Ina samun ƙarfi na shiga mota zuwa gida. Na tarar da Baba a zauren nan dai, ya tsufa amma bai ranƙwafa ba. Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda aka yi mini. Ya saurara har na zo inda aka ce ciwon gado ne, sai an haɗa daga uwa da uba. Nan ya ɗaga hannu. Ya ce, "Daga dangin uwarka dai. Ni a jinina babu wannan. Mutanen asibiti in ka je musu da kuka, ai dole su samo maka suna." Ya tambaye ni farashin gero a Azare. Na faɗa masa, na yi sallama na komo.

Mutane suna cewa yanzu kai ya waye, kuma ba ƙarya ba ne. Yanzu akwai sunan ciwon a rediyo, ana gwajin jini kafin aure, yaran da aka haifa da shi ba a kai su gayya. Amma bakin nan bai mutu ba, riga kawai ya canja. A da malalaci ne ni, yanzu ɗan ƙwaya. Na taɓa zuwa kemis a tsakiyar ciwo, ina gumi, na miƙa takardar likita. Mai shagon, wanda a shekaru na haife shi, ya dube ni ya dubi abokinsa ya ce, "Baba, har da ku? Da furfurarku?" Wani kuma da ya ji sunan ciwon cewa ya yi, "Haba, masu sikila ai ba sa kai warhaka. Taka dai ta gargajiya ce." Akwai masu zuwa da magani a leda, idan na ce na gwada irinsa sai su ce ban sa imani ba. Akwai masu cewa, "Ai ka saba," kamar wuta tana daina ƙuna don ta daɗe tana ci. Ko a ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa da yamma, ranar da na koma bayan kwanciyar mako, wani dattijo ɗan'uwana ɗalibi ya ce wa malaminmu, "Malam, ciwon nan nasa ya san ranar jarrabawa." Aji ya yi dariya, ni ma na yi. Barkwancin gwaggona ne, ya yi tafiyar shekaru ya same ni a kan benci.

Bara ciwo ya kama Baba. Ya fara daga mara, ya shige ƙashin baya, likitoci suka ce ya riga ya yi nisa. 'Yan'uwana suka ce a kawo shi gidana, tunda ni ne kusa da asibiti, kuma ni ne ba ni da aikin gona. Na ba shi ɗakina. Makonnin farko gidan ya cika da 'yan dubiya, har daga Giade da Hardawa, inda yake da abokai tun na ƙuruciya. Kowa ya durƙusa ya ce, "Malam, ya jikin?" Shi kuma, da gumi yana tsatstsafo masa a goshi, yatsunsa sun damƙe gefen katifa, sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Su fita suna yaba juriyarsa. Daga nan wa'adin sannu ya fara cika. Masu zuwa suka ragu. Da nishinsa ya fara fita waje, wata rana na ji matar ƙanena a tsakar gida tana ce wa matata, "Tsufa dai in ya zo da raki yake zuwa." Tagar ɗakin a buɗe take. Na san ya ji, domin daga ranar ya koma cizon bargo.

Ni na san duk abin da ake yi wa irin wannan ciwon. Na ɗumama ruwa na gasa masa baya da tsumma, na shafa masa mai, na ɗora ƙafafunsa a cinyata ina matsawa yadda Inna take yi mini. Na san lokacin da ake magana da lokacin da ake shiru. Na san yadda ake juya mutum ba tare da an taɓa inda wutar take ba. Bai taɓa tambayata inda na koya ba.

Wata rana bayan la'asar ana yayyafi, wani tsohon abokinsa ya zo ya gaishe shi, ya karɓi "da sauƙi"nsa ya tafi. Muka rage mu biyu. Nawa ƙugun ma ya fara ƙwanƙwasa saboda sanyin, na zauna a gefen katifa na miƙe ƙafar. Na ce, "Baba, ya jikin?"

Ya ɗaga ido sama. Yana kallon rufin ɗaki, ruwa yana buga kwano. Can ya ce, da wata murya ƙarama da ban san shi da ita ba, "Babu. Wallahi babu sauƙi."

Ya juyo da kai a hankali ya dube ni, ya dubi sandata da ke jingine a bango, ya dubi gajeriyar ƙafata. Leɓɓansa suka motsa. Na ce a raina, ga shi nan, ya iso. Na ji kaina na koma yaron nan na kan tabarmar zaure, da hannunsa a ƙarƙashin wuyana.

Ya ce, "Amma ni nawa na gaske ne."

Ban san tsawon lokacin da na yi zaune ba. Ruwan da ke cikin kwano ya fara hucewa. Na tsoma tsumman na matse, na ɗora masa a baya inda na san ya fi ci, na ce, "Sannu, Baba. Sannu."

Bai ga kaka ba. Mutane sun cika maƙabarta, kowa yana cewa ba a taɓa jin Malam ya koka ba ko sau ɗaya, ni kuma ban ƙaryata kowa ba.

Ranar da na je gonar nan, ina shirin tashi daga gindin tsamiya sai ga wani sa'ana ya biyo hanya a kan keke, ɗaya daga cikin waɗanda muka jera da su a bakin kunya. Haƙoransa sun zube, bayansa ya lanƙwashe. Ya taka burki ya ƙura mini ido, sai fuskarsa ta washe da murna ta gaske. Ya ce, "A'a! Ba-Sauƙi! Ashe kana nan da ranka? Ya jikin?"

Na dafa sandata na miƙe. Na ce, "Da sauƙi."